Akwatin da Ya Yi wa Taubashina Yawa

Daga Konni har Illela babu ido irin nawa. Na faɗi wannan magana a tasha, na faɗe ta a ƙofar majami'a, na faɗa wa duk wanda tsautsayi ya zaunar a bencin shagona. Ni kafinta ne, shekara ashirin da ɗoriya ina shaƙar garin katako. In ka gilma ta gabana sau ɗaya, ko a bayan kabu-kabu kake yana sheƙa gudu, to na gama da kai. Na san tsawonka, na san faɗin kafaɗarka, na san katako nawa za ka ci ranar da Allah ya kira ka. Abin awona yana rataye a jikin ƙusa tun zamanin da ba na tunawa, gizo-gizo ya yi gida a kansa har ya aurar da ƴaƴa.

Kada ka ce bakina ya yi muni. Mu Kiristocin wannan yanki ba mu da yawa, a akwati muke binne namu, ni ne kuwa mai haɗa akwatin. Sauran kwanakin shekara ƙofofi nake yi, da gadajen amare, da bencinan lakwal, wato makarantar boko, da teburan masu shayi. Maƙwabtana Musulmi, waɗanda likkafani ya ishe su, sukan leƙo in sun ji zarto ya kama aiki tun da sassafe, su ce, “Kafinta, yau kuma wa za a gina wa ɗaki ya tafi da abinsa?” Sai su yi mini ta'aziyya, wani ma ya riƙe mini bakin katako.

Alfaharina na biyu shi ne idon nan ba ya kawo ruwa. Ranar da muka binne mahaifina ni na buga ƙusar ƙarshe, na juyo na ba dattawa labarin da ya sa wani tsoho ya ƙware da goro. Har wa'azi gare ni a kan haka, ko da yake ba wanda ya naɗa ni. Nakan ce Kirista ba ya kuka, don muna da bege. Wa ke birgima a tasha don ɗan'uwansa ya riga shi samun mota zuwa gida? Da wannan magana na zama gishirin zaman makoki. In gida ya yi tsit, aka rasa mai ɗaga kai, sai a ce a kira kafinta.

Wanda ya rushe mini alfaharin nan duka biyu taubashina ne, kuma yana kwance ya yi aikin, ko yatsa bai ɗaga ba.

Ɗan Gwaggo ne, ƙanwar mahaifina. Manomin albasa ne a wani ƙauye gaba da Malbaza, inda aka haife mu duka. Allah ya yi mutumin nan da sauran ƙasar da ta rage bayan an gina mutum uku. In ya hau kabu-kabu, babur ɗin kan nemi gafara kafin ya tashi. Buhun albasa biyu yake ɗauka, ɗaya a kowace hammata, yana tafe yana gaisawa da mutane. In ya zo Konni ya zauna a bencina, sai in ji bencin yana tuba daga zunubansa. Wasan taubasantaka kuwa mun riƙe shi kamar gado. Shi yana cewa ni bawansa ne, ni ina cewa shi ne nawa, har muka yi furfura ba a raba gardamar ba. Nakan ce masa, “Ranar da ka mutu sai na yi odar tirela guda ta katako daga Najeriya.” Shi kuma ya ce, “Bawa, kai za ka riga ni. Kai kuwa kwalin sukari ya ishe ka, har da wurin ajiye takalmi.”

Shi ne ɗan farin Gwaggo, kuma Gwaggo ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ban taɓa ganin wata ta riƙe ba. Shekara hamsin da wani abu ba ta taɓa kiran sunansa ba. “Wancan” take ce masa, in ta ji daɗi ta ce “mai albasar nan”. In ya shigo ta ƙofa, sai ta ga awakinta suna bukatar kallo. Tun tana amarya ta karɓi bangaskiya tare da mijinta, ta bar abubuwa da dama na gidan iyayenta, amma wannan kam ta shigo da shi majami'a ta zaunar da shi kusa da ita a layin gaba. Fasto nawa suka zo suka tafi, kowa ya gwada, kowa ya haƙura.

Bayan an kwashe albasa, zafi na tsakiyarsa, ciwon ciki ya kama taubashina. Aka kai shi likita, aka dawo, aka sake komawa. Wata biyar ana wannan zirga-zirga. Daga shagona zuwa ƙauyen ko awa guda ba a yi a mota, amma ƙafata ba ta taka can ba. Na ce bencinan lakwal sun yi mini yawa. Na ce sai Lahadi mai zuwa. Abin da nake yi shi ne in ɗauki waya in aika masa da saƙon murya, in zage shi tas, in ce lalaci ne ya kwantar da shi don ya ji damina ta kusa. Shi ma ya maido mini da nasa. Muryar tana nan yadda na san ta, kamar ana buga ganga a cikin rijiya. Yakan ce, “Kafinta, ka fara tara katako, kada ranar ta zo ka ji kunya.” In yi dariya in ajiye waya, in ce wa matata mutumin nan lafiyarsa lau. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce ba na son in gan shi a kwance.

Wata Alhamis da safe matarsa ta kira ni. Ta faɗi abin da ta kira ta faɗa. Sannan ta ce, “Za ka zo ka auna shi?”

Na ce, “In auna wa? Mutumin da na auna tun muna kiwon awaki?”

Ta ce, “To.”

Kafin rana ta take na haɗa akwatin da ban taɓa yin irinsa ba. Na zaɓi katakon da na ɓoye don ƙofar wani babban mutum, na goge shi har yana ɗaukar ido. Mutum huɗu muka kai shi tasha. Direba na farko ya kalle shi ya ce motarsa ba ta da lafiya. Na biyu ya tuna yana da saƙo a kasuwa. Na uku, mai ƴar a-kori-kura, ya zagaya shi sau biyu ya ce, “In dai ba kowa a ciki, ɗora.” A shingen hanya wani jandarma ya ce a buɗe. Ya leƙa, ya ga wayam, ya dube ni ya ce, “Giwa ta mutu a Malbaza ba mu da labari?” Na ba shi amsa har ya riƙe ciki. Ina tafe binne ɗan'uwana ina tara labarin da zan bayar a zaman makoki.

Da muka isa, aka ajiye akwatin a tsakar gida. Na tsaya ina jiran in ga ƙarti shida sun fito da shi suna nishi. Sai ga mutum biyu sun fito daga ɗaki, sun ɗauko shi a tsakaninsu kamar naɗaɗɗiyar tabarma. Na duba bayansu ko akwai saura.

Aka kwantar da shi a ciki. Ka taɓa ganin ludayi ɗaya a cikin masaki? Haka ya koma. Ta dama akwai wurin mutum guda, ta hagu akwai wurin wani. Ciwon ya cinye shi ya bar tsawon kawai. Waɗanda suka haƙa kabari sun yi jinyarsa, sun san yadda ya koma, don haka daidai shi suka haƙa. Dole aka sake tura su da diga da shebur cikin ranar nan mai narka ƙarfe, su faɗaɗa rami saboda gwanintata. Ga shi kuma in an ɗaga akwatin gawar za ta yi ta gangarawa a ciki. Ana cikin shawarar abin da za a cusa, Gwaggo ta tashi ta shiga ɗakinta. Ta fito da tulin zannuwa a hannu, ta miƙa wa matarsa, fuskarta na kallon katanga. Da su aka cike gefe da gefe.

Bakina, wanda bai san lokacin hutu ba, ya ce, “Ai gara ya samu wurin juyi, mutumin nan bai iya kwanciya wuri ɗaya ba.” Ba wanda ya yi dariya. Wani dattijon ikilisiya ya miƙo mini guduma ya ce, “Kafinta, yi aikinka.” Na buga ƙusoshi. Idona ƙamas.

Gwaggo ta zauna makoki kamar an dasa ta. Mata na shigowa suna cewa, “Sannu da hanƙuri,” tana cewa, “Mun gode Allah.” Ko sau ɗaya ba ta kai bakin zane ga idonta ba. Maƙwabta Musulmi suka yaba, suka ce haka ake son uwa. Matan zumunta na majami'a suka yaba, suka yi waƙoƙin bege har da kaɗa tulu. Ranar Lahadi wani dattijo ya kafa misali da ita a gaban jama'a, ya ce ga bangaskiya a zaune. Ni na fi kowa ɗaga murya wajen amin.

Na koma Konni na ci gaba da aiki, sai dai aikin ya ƙi ni. Ƙirjina kamar an jibga mini buhun siminti an manta da shi. Na yanke ƙofa uku duk suka gaza. Na yi wa wani gado ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, ango ya dawo da shi yana cewa sun kwana kamar a kwalekwale. Tuwo ya koma mini kamar garin katako. Na fara yi wa matata faɗa a kan gishiri, ni da ko miyar da ba gishiri nakan yabe ta. Ta dube ni wata rana ta ce, “Maigida, kai fa ba lafiya gare ka ba.” Na ce zafi ne.

Mako uku bayan binnewa Faston ƙauyen ya kira ni. Ya ce Gwaggo ta daina cin abinci. In an kawo mata sai ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, mai kawowa na juya baya ta zuba wa awaki. Ruwa kawai take kurɓa. An kai ta likita, an duba ba a ga komai ba, an yi mata ƙarin ruwa, ta dawo ta koma inda take. Lahadin da ta wuce ta kasa tashi zuwa sujada, abin da ba a taɓa gani ba. Ya ce, “Mun yi addu'a, mun yi lallashi. Kai take sakar wa fuska. Zo ka ba ta dariya, ko bakin ya buɗe abinci ya samu hanya. In aka ƙara mako guda a haka, wani akwatin za ka kawo mana.”

Washegari na sauka a Malbaza, na sayi fura da nono mai kyau a wurin wata Bafillata, na hau kabu-kabu zuwa ƙauye. Da hantsi na isa. Na tarar da Gwaggo a kan tabarma ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida, ta jingina da turmi. Ina yin sallama idona ya fara aikinsa ba tare da na sa shi ba. Ya bi ta daga kai zuwa ƙafa, ya ce mini katako huɗu, har da ragi. Ban taɓa jin tsoron idona ba sai ranar.

Na durƙusa na gaishe ta. Matar marigayi ta dama furar a ƙwarya, ta sa ludayi, ta ajiye a gabanta, ta koma ɗaki.

Na buɗe jaka. Na ba ta labarin angon da ya kwana a kwalekwale. Na kwaikwayi tafiyar dattijon ikilisiya in ya tashi karɓar baiko a majami'a. Na yi mata muryar direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya, na yi jandarma da giwarsa, har da sara masa. Labaran nan kowanne ya taɓa kayar da ƙato daga kan benci. Gwaggo ta bi ni da ido har na gama, ta ce, “Sannu da ƙoƙari, ɗana.” Ƙuda ya sauka a bakin ƙwarya, ta kore shi, ta mayar da faifai ta rufe.

Na ce, “Gwaggo, ko ludayi ɗaya.”

Ta ce, “Na ƙoshi.”

Kayana suka ƙare. Da na rasa wanda zan yi wa ba'a sai na juya kan kaina. Na ce, “Gwaggo, kin dai ga kunyar da idona ya ba ni. Shekara ashirin ina cika baki, rana ɗaya na sa mutane haƙa kabari sau biyu.”

Ta juya wajen awakinta, kamar yadda take yi duk lokacin da maganar ɗanta ta taso. Ta ce, “Ba idonka ba ne. Wancan ne ya shirya maka.”

Na ce, “Wa?”

“Wancan mana. Ina bayan zana ina jin su. Ya sa matarshi ta yi mishi alkawari. Yac ce kada kowa shi gaya ma kafinta na rame. In ya tambaya a ce ina nan ina cinye akushi guda. Yac ce bari bawan nan shi yi asarar katako, in ci shi wasan ƙarshe.”

Na matso kusa da ita.

Ta ci gaba, har yanzu awaki take kallo. “Matar tac ce a kira ka dai ka gan shi. Yac ce a'a. Kowa ya shigo sai shi rage murya, shina yi mishi magana kamar an riga an rufe shi. Kai kaɗai ka rage kana zagin shi kamar mai rai. Yac ce in ka zo ka gan shi haka, kai ma bakinka mutuwa zai yi. Wayar nan taka, sai shi sa a kunna mishi sau biyar. Shina dariya shina riƙe ciki. Magani duka amai yake yi da shi, wannan kaɗai ke zama.”

Dariya ce ta fara zuwa, na rantse. Na ce, “Ɗan banza! Ya ci ni! Yana kwance ya ci ni!” Na buga cinya ina ƙyaƙyatawa. Can a tsakiya dariyar ta saki hanya. Na ji ta gangara wani wuri da ban san akwai shi a cikina ba, da ta dawo kuwa ba dariya ba ce. Wani sauti ya fito daga bakina wanda ban taɓa ji ba sai a wurin raƙumin da ake ɗora wa kaya. Awaki biyu suka tsinke igiya. Kaji suka haye rumbu. Maƙwabcin Gwaggo ya leƙo ta kan katanga yana salati, yana tambaya ko tsohuwa ce ta cika.

In na cire ƙarin gishiri, ga abin da ya faru. Na kifa goshina a bakin tabarmar Gwaggo ina kiran sunansa, ina maimaitawa. Ina cewa ban zo ba, wata biyar ban zo ba, tsoro ne ya hana ni, ba bencin lakwal ba. Hawaye da majina suka haɗu a gemuna, ban damu ba.

Gwaggo ta ce, “Kai, yi shiru. Mutane na ji.”

Na ƙara sama.

“Namiji da gemu! Tashi, mi ne ne haka?”

Ta ɗora hannu a kaina don ta tsawatar. Hannun ya daɗe a wurin. Sannan, a hankali, kamar mai gwada ƙofar da ta shekara hamsin a rufe, ta kira sunan ɗanta. Ba zan rubuta sunan a nan ba, nata ne. Ta kira sau ɗaya ta saurara, kamar tana jiran sama ta faɗo. Da ba ta faɗo ba sai ta sake kira da ƙarfi, ta ƙara da “ɗana”, daga nan kuwa babu mai tare ta. Matarsa ta fito da gudu ta zube a jikinmu. Mu uku muka cika gidan nan da kuka, rana na tsaka, ƙofa a buɗe.

A cikin kukan Gwaggo take magana, guntu-guntu. Ta ce ranar da aka fara yankan gero ta haife shi. Ta ce da cizo ya fara haƙori. Ta ce duk shekarun nan, in an kai masa tuwo, ta wani rami a jikin zana take leƙensa har ya cinye, sannan ita ma ta iya ci. Ta ce kunun da yake sha a ciwon nan ita ke dama shi, ta ba matarsa ta ce a ce daga maƙwabta ne. Ta ce a cikin zannuwan da aka cusa a akwati, na can ƙasa majanyin da ta goya shi ne, yana gindin adudunta tun lokacin. “Da akwatin ya yi daidai,” in ji ta, “da ina zan sa shi mutane ba su gani ba?”

Ban taɓa jin an gode wa kuskurena ba sai ranar, ko da yake ba godiya ta kira shi ba.

Muna haka Fasto ya shigo da babur ɗinsa, ya zo jin ko dariyar ta yi aiki. Na ce a raina yau na shiga uku, an aike ni kashe wuta na zo da fetur. Ya kifa wani turmi ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya jira. Da muka lafa Gwaggo ta goge fuska, kunya ta dawo mata. Ta ce, “Fasto, ka gafarce ni. Na riƙe, na riƙe. Cewa nike in na yi kuka kamar na ce Allah bai yi daidai ba. Ga shi kuma an tsaida ni gaban ikilisiya an ce ni ce misali.”

Ya ce, “Inna, mu ne za mu nemi gafararki, mun ɗora miki kayan da Ubangiji bai ɗora miki ba. Ki tuna ranar da Yesu ya je kabarin abokinsa. Ya san abin da ya je yi. Ya san kafin mutane su watse mutumin zai fito da ƙafarsa. Duk da haka ya tsaya a gaban jama'a hawaye na zuba, har masu kallo suka gane yawan ƙaunar da yake masa. Wa ya kai shi bege? Mun kuma ji an yi mana alkawari shi da kansa zai share mana hawaye. To ki bar masa abin da zai share.”

Ya juyo wajena ya ce, “Kai kuma, mai wa'azin tasha, ka ji?”

Na ce na ji. Muryata kamar ta kwaɗo.

Ya yi addu'a gajeriya. Da muka ce amin, Gwaggo ta zauna tana ajiyar zuciya irin ta yaron da ya gama kuka. Sai ta miƙa hannu ta ɗage faifai. Ba wanda ya motsa, ni ko numfashi na ajiye. Ta ɗebo ludayi ɗaya ta sha. Ta ƙara. A na uku ta ɓata fuska ta ce, “Wa ya sayo nonon ga? An cuce shi, rabi ruwa ne.” Matar marigayi ta fashe da dariya da hawaye a fuska. Tsohuwar da ta samu ƙarfin kushe nono ta dawo duniya. Ta sha fiye da rabin ƙwaryar, sauran ni na shanye, kuma tun rasuwar ban ji ɗanɗanon abu a bakina ba sai a lokacin.

A mota, a hanyar komawa Konni, na lura buhun simintin nan ya sauka daga ƙirjina. Kewa tana nan, har yau tana nan, amma ta zama irin kayan da mutum ke iya ɗauka ya yi tafiya da shi. Abin da ya ba ni haushi shi ne na san wannan a sana'ata tun ina saurayi. Ɗanyen katako in ka shafe shi da fenti ruwansa bai fita ba, zai yi kyau mako biyu, daga nan ya murɗe ya tsage. Sai an jingine shi an bar shi ya tsane. Na san haka a kan itace, ban taɓa zaton Wanda ya yi itacen ya yi mutum da irin wannan hali ba.

Ina gode wa Allah da ya yi mana wannan ƴar hanyar ruwa a fuska. Ina gode masa da taubashin da ya san ni fiye da yadda na san kaina. Na tuna mutanen da na katse wa kuka da barkwanci a gidajen makoki, wasu na je na ba su haƙuri, wata tsohuwa ta ce dama ta daɗe tana son ta kwaɗa mini muciya. Ban daina ba'a ba, wanda ya ce na daina ƙarya yake yi. Sai dai yanzu in an yi rasuwa nakan je da kaina da abin awo, in durƙusa in auna, in zauna da mutanen gidan in rufe bakina. In suna kuka in taya su. Na ma gano ina da baiwa a nan, har matata na cewa in rage, kada a ɗauka ni ne magajin. Dariya takan zo daga baya da ƙafarta, kuma ta fi daɗi in ta tarar an share mata wuri.

Gwaggo ta murmure. Da kaka ta yi, ranar sujadar godiya da ake kawo dammunan gero gaban majami'a, na je ƙauye. Ta zo da ƙafarta, da ƴar ƙwaryar wakenta a ka. Da aka ba da dama ga masu shaida na miƙe. Na ba da labarin tun daga tasha. Na ce hawayen da na zubar ranar nan sun cika bokiti biyu, har dogon yaron gidan ya yi sabon toho. Na ce likita ya gaza, lallashi ya gaza, amma Allah ya ɗauki kukan kafinta guda ya ta da tsohuwa daga bakin kabari. Jama'a suka yi ta amin, matan zumunta suka rangaɗa guɗa. Na zauna ina jin kaina kamar wani ƙaramin annabi.

Da aka tashi na tarar da ita a inuwar bango tana gyara ɗaurin kallabi. Na durƙusa na ce, “Gwaggo, kin ji shaidata?”

Ta ce, “Na ji. Allah kam ya yi aikinshi, ba ni musu. Amma hurar nan, ɗana, na sha ta ne don ka yi shiru. Na ga in ban sha ba sake farawa za ka yi, ga awakina da ciki.”